Katakon Baba a Gaban Na'urar Kumasi

Ƙawayena sun ishe ni. A gidan biki, a waya, har a layin ganin likita, tambayar ɗaya ce: "Ma'u, ya Gana?" In na buɗe baki zan fara kuma, sai a katse ni da zancen atamfa. To ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya. Mai son labarin atamfa ta nemi Gwaggo Rabi. Ni gam na je aunawa.

Dole in fara da gida, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa 'yar mutane ta ƙetare ƙasashe da buhun kara ba.

Babana da ƙanensa, Baffa Sani, suna da 'yar masana'anta a bayan gidanmu a Bunguɗu. Karan dawa suke tarawa bayan girbi daga Karakkai da ƙauyukan gefe, a niƙe shi, a kwaɓa da gam, a zuba a injin matsa mai zafi, ya fito katako shafaffe na silin da bayan kabad. Aikin a rabe yake tun farko: Baba ne mai kwaɓi, Baffa ne mai inji. Shekaru suna tafiya lafiya. Sai bara katako ya fara fitowa a kumbure. Da an ɗaga murfin inji sai ya saki wata 'yar tusa ya dare biyu kamar gurasa. Kafintoci suka fara dawo da kaya. Baffa ya gaya wa wani a ƙofar masallaci, wanin ya gaya wa wani, wai Yaya ya koyi rowar gam. Baba ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa duniya, wai Sani ba ya barin katako ya nuna, sauri yake ya tafi hira. Ido da ido kuwa ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan. Kullum da safe Baffa zai durƙusa: "Yaya, an tashi lahiya?" Baba ya ce, "Lahiya lau, Sani." Alhali Baffa ya riga ya kama shago a Tsafe, garin surukansa, ya kuma yi magana da mai mota cewa da an gama kaka zai kwashe injin, tunda nasa ne. In inji ya bar Bunguɗu sana'a ta mutu, kuma kowa a gidan ya san ba ita kaɗai za a binne ba.

Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba mai iya kiran sunana a cikinsu, "Uwarmu" suke cewa. Ina karatun digiri na biyu a fannin sinadarai a Gusau, sai malamina ya samo mini gurbin koyon aiki na 'yan makonni a wata masana'antar katako kusa da Kumasi, inda suke auna gam da haske. Da labari ya kai gida, Baba ya kira ni zaure, ya ɓalle guntun silin na zamanin da abubuwa ke lafiya, ya haɗa mini da guntun kason farko da ya dare.

"Uwarmu, wanga inji naku, shina iya hwaɗin in an yi rowa?"

Na ce ina jin zai iya.

"To ki tambayo shi. Ki ce tsohonki na ya aiko ki."

Ban kai ɗaki ba Baffa ya tare ni a bakin rijiya da guntaye na kwanan nan a cikin leda. "Ni ban ce komi ba, Uwarmu. Ki dai bari injin Turawa shi yi magana."

Malamina kuma ya ce in tafi da niƙaƙƙen kara wanda bai taɓa gam ba, zan gane amfaninsa a can. Buhu ke nan.

Jirgi aka so in hau. Amma Inna ta ce ba inda zan je ni kaɗai, sai da Gwaggo Rabi, autar su Baba, wadda ta san hanyar Kwatano kamar hanyar banɗakinta saboda fataucin zannuwa. Gwaggo kuwa ta rantse ba za ta hau jirgi ba sai na Makka, wai in za ta faɗo gara ta faɗo da lada. Ita ba ta ce mini Uwarmu. "Tsohuwa" take cewa.

A tashar Gusau ɗan kamasho ya ɗaga buhun ya ji ba nauyi, ya ce mene ne a ciki. Na ce kara. Ya ajiye, ya kira abokan aikinsa su zo su ga masu kai kara Legas. Gwaggo ta ce masa, "Kai da ka kai wanga kai naka makaranta anka maido maka shi ba komi ciki, wa ya yi maka dariya?" Aka sa buhu a but, muka tashi da hantsi, don ba mai bin hanyar nan da sassafe yanzu. Daga fita Gusau motar ta yi tsit, kowa da carbinsa, har mai sauraron waƙa a waya ya koma karatu. Da muka shiga Tsafe Gwaggo ta zungure ni, ta nuna wani shago a bakin titi, an shafe shi da sabon shuɗin fenti.

"Ga gidan sabuwar amaryar Yaya Sani. Har lalle an sa mata."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa.

A Funtuwa muka sauka salla, aka buɗe but, sai ga wani rago da aka ɗaure kusa da kayanmu ya huda buhuna, kansa ya nutse har ƙaho. Ya ɗago yana taunar bincikena, yana kallona da natsuwa irin ta wanda ya san haƙƙinsa. Mai ragon ya ce, "Hajiya, ai albarka ce, dabba ba ta cin abin da ba shi da kyau." Abin da ya rage bai fi rabi ba. Gwaggo ta juye shi a leda, ta tusa shi tare da guntayen katako a cikin jakar guzurinta, tsakanin ƙuli-ƙuli da kilishi da yaji, ta rungume jakar har Legas kamar jaririya.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ban gan ta ba. Na ga bayan motoci, na ga gada, na ga wani mutum yana aske wa wani gemu a tsakiyar cunkoso. Daga nan sai iyaka bayan iyaka. A kowace sai a sauka, a bi layi, a buga hatimi, a koma mota, ba a daɗe ba a sake sauka. Teku na gefen hagu tana ta zuwa tana komawa kamar mai son faɗin wata magana tana jin nauyi. Na ce wa Gwaggo haka. Ta ce, "Ruwa na, Tsohuwa. Ki riƙe fasfonki."

A ɗaya daga cikin iyakokin wani jami'i ya buɗe jakar guzuri, ya zaro ledar busasshen abu niƙaƙƙe, ya dube ta, ya dube mu. Ni ma da na dube ta da idonsa sai na ga ta yi kama da tabar wiwi. Ya kira na biyu, na biyu ya zo da kare. Na miƙa takardar makaranta, na fara bayani da Turanci gauraye da guntun Faransancin sakandare, cewa za a haska wannan abu da hasken da ido ba ya gani. Ina ƙara bayani fuskarsu na ƙara ɗaurewa, don duk wanda ya ji mace na maganar hasken da ba a gani, ga kuma ledar ganye a gabanta, ya san inda zai ajiye ta. Kare ya tusa hanci a jaka, ya ci karo da yajin Gwaggo, ya yi atishawa ya ja da baya, ya ƙi dawowa. Gwaggo ta ga abin zai yi nisa, ta ɗebi karan a tafin hannu, ta kai baki, ta yi kukan rago da ƙarfi har masu canjin mota suka waigo. Jami'in ya ce wani abu da yarensu, aka fashe da dariya, aka ɗaure mana leda. Digirina bai ƙetarar da mu ba, kukan rago ne ya ƙetarar da mu.

A Kumasi, Zango muka sauka, gidan wata Hajiya Mariya, ƙawar cinikin Gwaggo. Kakanta fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Zamfara, ita kuwa ba ta taɓa zuwa ba, amma ta fi mu sanin yadda garin yake. Ta ce an ce a can kowane gida da raƙuminsa. Gwaggo ta ce ƙwarai, nata ma biyu ne, ɗaya na zuwa kasuwa ɗaya na zuwa biki.

Abinci kuwa, wake da shinkafarsu sunanmu ne da shi amma ba halinmu ba. Sai a zuba shi a ganye, a ɗora taliya, a ɗora garin rogo, a ɗora ƙwai, a ɗora kifi, a ɗora wani baƙin yaji mai mai, kamar mai abincin za ta yi ƙaura tana kwashe ɗaki. Sakwararsu kuma ba a gefen miya take zama ba, a tsakiya take, miya ta kewaye ta kamar tsibiri, sai ka yi iyo da hannu kafin ka kai gare ta. Dokunu ne ya fi ba ni wuya, tuwon masara mai tsami a cikin ɓawo. Loma ta farko na zaci ya kwana ya lalace, na yi shiru don kada in kunyata mai gida. Kafin in baro garin ni ce mai aika a sayo.

Ranar Asabar muna tafiya kasuwa muka tarar an tare titi da rumfuna. Kiɗa na tashi, mata sun sha anko ja da baƙi, ana rawa, ga hoton wani dattijo ƙato a jikin ƙyalle yana murmushi. Gwaggo ta ce, "Ango ya tsufa, amma ba ruwana." Kafin in riƙe ta ta shiga fili, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Hajiya Mariya ta dafe kai ta ce jana'iza ce. Ni na nemi ƙasa ta tsage. Amma 'ya'yan mamacin suka taso suka rungume Gwaggo, suka ba ta kujera a gaba da lemo mai sanyi, wai ba wanda ya yi wa babansu kuka mai daɗi irin wannan. A hanya ta ce mini in ta mutu a kawo ta nan, mutanen gida ba su san darajar gawa ba, kafin ka gama mutuwa sun binne ka.

Masana'antar tana bayan gari. A ƙofa aka ba ni takalmi mai ƙarfe a baki, da riga da wando a haɗe, da hular kwano. Aka ce hijabi ba zai yi yawo kusa da injuna ba, sai na tusa shi cikin rigar na ɗora hular a sama. Gwaggo, wadda ta ce ba za ta zauna gida ba don ita aka ba amana, ta dube ni sama da ƙasa ta ce na yi kama da tulun da aka kifa wa ƙwarya.

Wadda aka haɗa ni da ita sunanta Madam Akosuwa, shugabar ɗakin gwaji, gajeruwa mai furfura da dariya kamar ana ɓarin kwanoni. Tana jin Hausar Zango kaɗan, don haka ita da Gwaggo suka ƙulle tun ranar farko. Ta kai ni inda garin itace ke gudu a kan bel bayan an fesa masa gam. A saman bel ɗin akwai wata fitila a rataye, tana kallon duk abin da ke wucewa.

Ga yadda abin yake. Kowane abu yana da irin hasken da yake sha. Ruwa da nasa, itace da nasa, gam da nasa. In an haska abu da wani haske da ke can gaba da ja, inda idon mutum ba ya kaiwa, abin zai sha rabonsa ya maido saura. Na'urar sai ta duba abin da ya dawo, ta ga inda aka yi giɓi, ta san wanda ya sha da yawan da ya sha. Kamar yadda Inna ke duba tiren da ya dawo daga zaure: in nama ya ƙare kabewa na nan, ta san Baffa ya zo. Da can sai an yanki katako an kai ɗakin gwaji an dafa shi da sinadarai, kafin a sami amsa an riga an yi lodin mota. Yanzu kafin ƙiftawar ido fitilar ta faɗa, in gam ya yi kaɗan ko ya yi yawa a gyara nan take.

Tun ina aji nake son wannan magana, cewa komai yana da ƙishirwarsa ta haske, kuma da abin da ya sha ake gane shi. Na taho ina zaton zan ga bakan gizo a cikin gilashi. Sai Madam ta nuna mini na'urar ɗakin gwaji: wani akwati toka-toka kamar tukunyar shinkafa ta lantarki, da 'yar taga kamar bakin kofi. Bakan gizon kuwa wani layi ne a allon kwamfuta, mai tudu da kwari kamar hanyar Wanke da damina.

Da na ba ta labarin gida na fito da guntayena, sai ta ce in dakata. "Wannan na'ura itacenmu ta sani. Karan dawa baƙo ne, in kin tambaye ta yanzu ƙarya za ta yi miki da fuskar gaskiya." Sai an koya mata. A nan na gane amfanin buhu. Muka riƙa auna kara, mu zuba gam wanda muka san yawansa, daga ɗan kaɗan har mai yawa, irin gam ɗin da su Baba ke amfani da shi, ɗan'uwan takin yuriya. Mu matse su ƙanana kamar masa, mu niƙa, mu nuna wa taga, mu gaya wa kwamfuta ga yawan da ke ciki. Kwanaki muna wannan. Karan da ƙyar ya isa, kullum Madam sai ta aika wa ragon Funtuwa gaisuwa.

Ranar da ta ce na'ura ta yi hankali, muka fara da guntun silin zaure. Layi ya tsaya inda ya kamata. Muka sa guntun kason farko da ya dare. Layi ya tsaya a wuri guda da na zaure.

"Babanki bai rage komai ba," in ji Madam.

Na tambaye ta to me ya dare shi. Ta ce na'ura ba boka ba ce, amma in an tara kara da danshi haka yake yi. Na tuna ruwan ƙarshen damina da ya sauka bara bayan kowa ya cire rai, kara na jibge a fili.

Sai muka sa na kwanan nan, na ledar Baffa. Layi ya tashi, ya wuce mafi yawan abin da muka koya wa na'urar, ya ci gaba. Madam ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Babanki jirgin ruwa yake ginawa?"

Ta yi mini bayanin abin da na sani a littafi amma ban taɓa kawo shi gidanmu ba. Gam da ruwa ake dama shi. In ya yi yawa, ruwa ya yi yawa. In zafi ya kama, ruwan ya zama tururi ya rasa hanyar fita, da an ɗaga murfi sai ya fasa katako ya fito. Wato maganin da ake ta ɗurawa shi ne ciwon.

Kwaɓi aikin Baba ne. Na zo in wanke shi daga rowa, ga shi zan koma da shaidar cewa hannunsa ne ke kashe katako. Baffa zai loda inji da hujja, ni ce kuma na kawo masa ita daga wata ƙasa. Sai idona ya faɗa kan tabon mai a jikin guntun. Na yi wuf na ce ƙuli-ƙuli ne! Sinadarin gina jiki da ke cikin gyaɗa yana shan haske kusa da inda yuriya ke sha, kuma guntayen nan sun yi doguwar tafiya suna gogayya da guzurin Gwaggo. Madam ta ce magana ce, tana iya yiwuwa. Gwaggo ta ce, "To, yau kuma ƙulina anka kama." Aka yanke guntun da zarto, aka ɗebo daga can tsakiya inda mai bai kai ba, aka sake nuna wa taga. Layi ya koma inda yake, ko kunya bai ji ba.

Da hutun rana na zauna ƙarƙashin wata bishiya a harabar, na kira Inna. Na yi ta kewaye-kewaye, ta ce in faɗi abin da ke bakina kati na ƙonewa. Na ce ko Baba ya canja ma'auni.

Ta rage murya. "Ke kaɗai ni ka hwaɗa ma. Tun randa anka ce mai marowaci bai sake barci da daɗi ba. Gaban Sani shina auna na kullum, don kar a ce ya amsa laihi. In Sani ya tahi duba wutar inji, sai shi ƙara gwangwanin madara guda. Kar ki ce ni nac ce."

Na koma na yi lissafi da girman kwamin da Baba ke kwaɓi a ciki. Gwangwanin madara bai isa ya haifi wancan tudu ba. Na gaya wa Gwaggo. Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni wayar." Ta kira Inna Luba, matar Baffa, ta buɗe murya kowa ya ji. Ba ta tambayi komai ba. Zagin Baba ta fara, wai Yaya Babba tun suna yara in ya ba ka rake sai ya tsotse shi tukuna.

Inna Luba ta saki jiki. "Ai Rabi, ba don Malam ba da katakon nan ya zama gari. Kullum in Yaya ya tahi alwallar azahar sai shi ƙara gwangwanin tumatir, babban nan, cike. Bai hwaɗa ma kowa ba don kar Yaya shi ji kunya. Amma duk da haka darewa shikai, kin ga rowar ta yi nisa."

Gwaggo ta kashe waya, ta kwanta a kan benci tana dariya har ɗankwali ya faɗi. Ni kuwa hawaye ne suka zo mini, ban san na me ba. Mutum biyu, kowa na satar ido yana gyara wa ɗan'uwansa, katako na ƙara darewa, su kuma suna ƙara zubawa.

Da aka fassara wa Madam ta riƙe haɓa. A wurinsu na ga ƙaramin ma'aikaci ya ɗaga waya ya ce wa manaja ya yi kuskure, manajan ya ce na gode. Ta ce, "Me ya hana ƙanen ya gaya wa wansa kawai?"

Gwaggo ta tashi zaune. "Ƙane shi dubi wa shi ce ka yi kuskure? Madam, ai gara shi kwashe inji shi bar gari. Mu muna da tarbiyya."

Dawowa ba ta da labari, sai dai jakunkunan Gwaggo sun haihu a Kwatano. Duk hanya abu ɗaya nake juyawa: da wane baki zan faɗa? In na gaya wa Baba shi kaɗai na tona Baffa, in na gaya wa Baffa na tona Baba, in na tara su na tona matansu. Da muka wuce Tsafe na ga an kafa wa shuɗin shagon rumfar kwano.

Mun iso an gama kaka, sabon kara busasshe na jibge a bayan gida, mai mota kuma an ce cikin satin zai zo. Kowannensu ya same ni a ɓoye ya ce me inji ya ce. Na ce wa kowa amsar tana nan, amma an ce sai na ga kwaɓi da idona kafin in faɗa. Ban ce wa ya ce ba.

Washegari wajen azahar Baba ya auna gam na ƙa'ida a gabanmu, yana ɗaga gwangwanin awo sama kamar mai rantsuwa a kotu. Da ya gama na mayar da murfin durom ɗin gam, na hau na zauna a kai, na ce ƙafata ke ciwo.

Baba ya juya kwaɓi, ya juya, ya dube ni, ya dubi durom. "Sani, tahi ka duba wutar inji."

"Na duba, Yaya. Ta yi."

"Ƙara dubawa."

"Yanzu nid dubo."

Aka yi kiran salla. Baffa ya yi gyaran murya. "Yaya, an yi kira."

"Na ji. Ina da alwalla. Kai tahi ka yi."

"A'a, babba ka hwarawa."

"Uwarmu, ba ki da aiki cikin gida?"

Na ce ba ni da shi. Suka tsaya, ɗaya a wannan gefen kwami ɗaya a wancan, kwaɓi na neman bushewa, kowa na kallon sama kamar mai neman wata. Baffa ya ga tsayuwar ta yi yawa, ya sunkuya zai ɗauki shebur. Sai wani abu ya sulluɓo daga aljihun rigarsa ya faɗi, ƙwal, ya gangara a kan siminti yana waƙa, bai tsaya ko'ina ba sai a ƙafar Baba. Gwangwanin tumatir, babban nan, duk jikinsa busasshen gam.

Baba ya ɗauka. Ya shinshina. Ya daɗe yana kallonsa. Baffa ya zama gunki, shebur a hannu. Can Baba ya sa hannu a nasa aljihun, ya fito da gwangwanin madara, ya jera su a bakin kwami, ƙarami kusa da babba.

Daga kan durom na ce, "Abin da injin ya ce ke nan. Gam ne ya yi yawa. Na farkon kuma wataƙila ruwan bara ne."

Ba wanda ya dube ni. Baba ya ce, "Mu tahi, za a tada salla." Suka fita tare, don ba wanda ya yarda ya bar ɗaya da kwami. Da suka dawo aka zuba kwaɓin yadda yake, Baffa ya danne inji, muka jira. Da ya ɗaga murfi kowa ya kasa kunne. Shiru. Katako ya fito sumul, Baba ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya amsa da murya ɗaya.

Muna tsaye a kansa wayar Baffa ta yi ƙara. Ya duba, ya mayar aljihu. Ta sake yi.

"Ɗauka mana," in ji Baba. "Mai mota na, na sani."

Baffa ya kara a kunne, ya juya baya kaɗan. "Malam Bello, a bar tahiyar nan. A'a, lahiya lau. Yayana na anka kama shina satar zuba gam, ba ni iya barin shi shi kaɗai."

Baba ya ɗaga murya yadda za a ji har Tsafe: "Hwaɗa mai gwangwanin wa ya hi girma!"